Ƙujewar fata: a rufe ta ko a bar ta ta sha iska, kuma yaushe ya kamata a tafi asibiti?

Malama_Rabi_Rikkos:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a nan Jos, kuma ni aka damƙa wa akwatin taimakon gaggawa na makarantar. Filin wasanmu tsakuwa ne da jar ƙasa, don haka da wuya a tashi makaranta ba a kawo mini yaron da ya ƙuje gwiwa ko tafin hannu ba. Abin da ke damuna shi ne bakin iyaye bai zo ɗaya ba. Idan na wanke ciwon na rufe shi, wasu su ce na hana shi shan iska, zai ruɓe. Idan na bar shi a buɗe, wasu su ce na bar wa ƙudaje. Akwai kuma masu aiko da saƙo cewa lallai a shafa jibi, shuɗin maganin nan, ko a zuba sifirit. Ina neman masu sani su faɗa mini abin da yake daidai, sannan su bayyana mini irin ciwon da ya fi ƙarfin akwatina, wanda ya wajaba in kira iyaye su kai yaro asibiti nan take.

Baban_Usman_Gangare:
Wa alaikumus salam, Malama. Mu dai yadda muka taso, ba a rufe ƙujewa. Ana wanke ta, a bar ta ta bushe ta yi ɓawo, idan ɓawon ya faɗi da kansa ciwo ya warke ke nan. Haka na yi wa 'ya'yana duka, kuma ban ga wanda ya cutu ba. Rufewa ita ce take sa ciwo ya riƙa ruwa.

Sista_Ladi:
Malama Rabi, na gode da wannan tambaya, domin kullum muna ganin sakamakonta a wurin aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da zan fara cewa shi ne mutane sun fi mayar da hankali a kan abin da za a shafa, alhali wankewa ita ce babban aikin. Ki fara wanke hannunki da sabulu, ki sa safar hannu idan akwai. Idan jini yana fita, ki danne wurin da ƙyalle mai tsabta ba tare da kina ɗagawa kina leƙawa ba, domin kowace ɗagawa tana ɓalle jinin da ya fara daskarewa. Idan ya tsaya, sai ki kwarara ruwa mai tsabta a kan ciwon har sai duk ƙasa da tsakuwa sun fita. Ruwan leda yana da amfani sosai a nan: ki huda ƙaramar ƙofa a kusurwar ledar ki matsa, ruwan zai fita da ƙarfin da zai kore dattin. Sabulu kuwa a gefen ciwon ake sa shi. Abin da ya maƙale a cire shi da matsefata wadda aka goge da sifirit. Bayan haka a tsane wurin, a shafa basilin kaɗan, a rufe da filasta ko ƙyallen asibiti mai raga-raga, a sauya kullum ko duk lokacin da ya jiƙe ko ya yi datti. Kada a ɗora auduga kai tsaye a kan ciwo, domin zarenta yana maƙalewa a ciki.

Baban Usman, da girmamawa, batun shan iska an daɗe da gwada shi. A shekarar 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya nuna cewa raunin da aka rufe ya zauna da ɗan danshi yana yin sabuwar fata da sauri fiye da wanda aka bari ya bushe. Dalili shi ne sabuwar fata daga gefen ciwo take rarrafowa zuwa tsakiya, kuma idan akwai busasshen ɓawo sai ta bi ta ƙarƙashinsa, abin da ke jinkirta ta. Ga shi kuma ɓawon gwiwa yana tsagewa duk lokacin da yaro ya durƙusa.

Auwal_Mai_Keke:
Ni a wurinmu na masu adaidaita sahu da makanikai, man birki ake zubawa. Wasu kuma baƙin mai. Na ga an yi wa mutane da yawa a gareji, kuma jinin yana tsayawa. Sista, mene ne laifinsa?

Sista_Ladi:
Ɗan'uwa Auwal, laifinsa babba ne. Man birki sinadari ne da ke cin fentin mota idan ya zuba a kai, to ina ga naman mutum da fata ta rabu da shi? Raɗaɗin da ake ji ba alamar yana kashe cuta ba ne, alama ce ta yana ƙona naman da ya kamata ya warke. Baƙin mai kuwa cike yake da dattin inji, kuma idan mutum ya zo asibiti daga baya, sai mun sha wahala kafin mu kankare shi. Jinin ƙujewa da ma zai tsaya da kansa idan aka danne.

Hassan_Famasi_Bukuru:
Ina goyon bayan Sista, kuma zan ƙara magana a kan abubuwan da ake saye a wurinmu. Sifirit na goge kayan aiki ne da fatar da ba ta fashe ba, kamar kafin a yi allura. Ruwan haidirojin mai kumfa shi ma yana lalata sabon nama idan aka riƙa zuba shi kullum, duk da cewa kumfarsa tana sa mutane su ga kamar yana aiki. Jibi da Malama ta ambata yana busar da ciwo, sannan yana rina wurin ta yadda ba za a iya ganin halin da yake ciki ba, kuma ma'aikacin lafiya da idonsa yake gane ciwon da ya fara lalacewa. Idan ciwo ya yi datti sosai, aidin mai ruwan ƙasa da ake amfani da shi a asibiti ya fi waɗannan duka sauƙi a kan nama.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu buɗe kafso, musamman ja-da-rawaya, su barbaɗa garin a kan ciwo, ko su sayi guda huɗu su haɗiye wai don rigakafi. Ƙujewa mai tsabta ba ta buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ko kaɗan. Shan sa barkatai shi ne yake koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, har ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Idan zafi ne ya dami yaro, farasitamol daidai da shekarunsa ya isa, kuma kada a ba yara asfirin.

Hajiya_Mairo_Dilimi:
To zuma fa? Ni da ita nake yi wa jikokina, kuma Alƙur'ani ya ce akwai waraka a cikinta.

Ustaz_Kabiru:
Hajiya ta yi gaskiya, ayar tana cikin Suratun Nahli. Zan kuma kawo abin da na san wasu za su kafa hujja da shi game da toka. Ya tabbata a Bukhari cewa a ranar Uhudu, da aka ji wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, rauni a fuska, Nana Fatima ta wanke jinin, Sayyidina Ali yana zuba ruwa, da ta ga jinin yana ƙaruwa sai ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar, jinin ya tsaya. Amma a lura da abu biyu. Da ruwa aka fara. Sannan tokar sabuwa ce da aka ƙona a lokacin don wannan buƙata, a fagen yaƙi inda babu wani abin da ya fi ta. Wannan daban yake da kwasar tokar murhu wadda ta kwana a ƙasa, kaji da awaki suka bi ta kai. Wanda yake da ruwa mai tsabta da bandeji a hannu bai saɓa wa sunna ba don ya yi amfani da su, tunda neman magani shi kansa an yi umarni da shi.

Sista_Ladi:
Hajiya, zuma kam ana amfani da ita a asibitoci wajen wankin wasu raunuka, ba zan musa ba. Sai dai zumar kasuwa ba kowacce ce tsantsa ba, wata an haɗa ta da sukari da ruwa, kuma a kan yaro mai wasa a ƙasa tana jawo ƙura da tururuwa idan ba a rufe ba. Idan kin amince da zumarki, ki wanke ciwon tukuna, ki shafa kaɗan, ki rufe. Kada dai ta zama dalilin jinkirta zuwa asibiti idan ciwo ya sauya kama.

Likita_Danjuma:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina so in ɗauki rabin tambayar Malama na biyu, domin shi ne inda ake rasa rai. Malama, ki kira iyaye nan take idan an danne ciwo minti 10 cur jini bai tsaya ba, ko idan ciwon ya yi zurfi har ana ganin kitse mai launin rawaya ko bakinsa ya wage, domin wannan ya wuce ƙujewa, yanka ne da ke buƙatar ɗinki, kuma ɗinki ya fi kyau a cikin sa'o'in farko. Haka nan idan akwai tsakuwa ko kwalba da ta nutse kin kasa fitarwa, ko ciwon yana kusa da ido, ko ya fi tafin hannun yaron faɗi. Ki kuma duba yaron gaba ɗayansa, kada ciwon da ke jini ya ɗauke miki hankali. Yaron da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ko ya buga kai ya fara amai, ko barci ya riƙa fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, matsalarsa ta fi ƙujewar da ake gani.

Sai batun cutar sarƙe-haƙora, wadda ake kira tetanas. Mutane sun ɗauka tsatsa ce ke kawo ta, shi ya sa ba sa tunawa da ita sai an taka ƙusa. Ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma tana iya shiga ta ƙaramin ciwo da ba a wanke ba. Alamunta sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, galibi da ƙagewar muƙamuƙi da wuya, lokacin da wataƙila ciwon ma ya rufe an manta da shi. Jarirai a Najeriya suna samun kariya daga allurar Penta da ake yi a sati 6, 10 da 14, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarin allurai uku daga baya, a tsakanin wata 12 zuwa 23, da shekara 4 zuwa 7, da shekara 9 zuwa 15. Ƙa'idar da muke bi ita ce, idan ciwo mai datti ne kuma an haura shekara 5 da allurar ƙarshe, a sake yi. Idan mai tsabta ne, shekara 10. Ɗan aji huɗu da bai sake karɓar komai ba tun yana jariri ya riga ya wuce wa'adin farko. Da ni ne ke, zan roƙi makaranta ta nemi kwafin katin rigakafin kowane yaro.

Maman_Grace_Tudun_Wada:
Likita, don Allah a yi mini ƙarin bayani. Lokacin da mijina ya faɗi a kan babur, an yi masa allura biyu, aka ce duk na tetanas ne. Na yi zaton kuɗi kawai ake nema.

Likita_Danjuma:
Maman Grace, mai yiwuwa daidai aka yi masa. Ɗaya rigakafi ce, wadda take koya wa jiki ya haɗa garkuwarsa, amma tana ɗaukar lokaci kafin ta kama. Ɗayar kuwa garkuwa ce da aka riga aka haɗa, tana aiki nan take amma ba ta daɗewa. Ana haɗa su ga wanda ciwonsa ya yi datti kuma bai taɓa cika rigakafinsa ba, ko ba a san tarihinsa ba. Irin ta biyun da aka fi samu a nan daga jinin doki ake yin ta, kuma wasu jikinsu yana ƙin ta, shi ya sa ba a yarda a yi ta a ɗaki ko a shagon da babu kayan ceto ba.

Pam_daga_Vom:
Akwai ƙujewar da ba a ambata ba, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro: wadda kare ko kyanwa suka yi da haƙori ko farce. Mu mutanen Vom mun taso muna jin labarin haukan kare, domin a nan Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take tun 1924, kuma nan ake kawo kawunan karnukan da ake zargi don a gwada. Ko da jini bai fita sosai ba, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar don allura. Ba a jira a ga alama, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan babu mai tsira. Yara kuma sukan ɓoye saboda tsoron faɗa, don haka Malama ki riƙa tambayar yaro abin da ya ji masa ciwon.

Zainab_Farin_Gada:
Ni maganar manya zan yi, ko da yake tambayar a kan yara ce. Mahaifinmu yana da ciwon suga. Takalmi ne ya ɗan goge masa ɗan yatsa, bai ji zafi ba, bai faɗa wa kowa ba, sai wari ne ya sanar da mu. Da muka kai shi asibiti aka bayyana mana cewa suga yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa kuma yana rage gudun jini, don haka ciwo yana ci ba tare da mai shi ya sani ba. An ceci ƙafar, amma ya daɗe yana jinya. Yanzu kowane dare sai ɗayanmu ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsunsa. Mai ciwon suga ba shi da ƙaramin ciwo a ƙafa, a kai shi a duba tun ranar farko.

Abban_Sadiq:
Allah ya ƙara masa lafiya, 'yar'uwa. Haka abin yake ga masu sikila. Ɗana yana da ita, kuma an gargaɗe mu cewa ƙujewa a wajen idon sawu tana iya zama gyambon da zai yi watanni bai rufe ba. Malama, yana da kyau ki san yaran da ke da sikila a makarantarku.

Malama_Rabi_Rikkos:
Na gode ƙwarai, ina rubuta komai. Amma akwai abin da har yanzu yake ɗaure mini kai. A takardar da ke cikin akwatin an ce a kula da ja a gefen ciwo. Yawancin yaranmu baƙaƙe ne, ni ban taɓa ganin wannan jan ba. Ta yaya zan gane ciwon da ya fara lalacewa?

Sista_Ladi:
Wannan tambaya ce mai muhimmanci, Malama, domin yawancin irin waɗannan takardu da farar fata aka rubuta su a zuciya. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Wurin yakan ƙara duhu ne, ko ya yi sheƙi saboda kumburi. Ki yi amfani da hannunki. Ki taɓa gefen ciwon da bayan yatsunki, sannan ki taɓa daidai wurin a ɗaya ƙafar, ki ji ko akwai bambancin zafi. Ki kwatanta girman gwiwoyin biyu. Ki tambayi yaron ko zogin yana raguwa ko ƙaruwa yake yi, domin ƙujewa mai warkewa kowace rana sauƙi take yi, wadda kuwa ta fi jiya ciwo a rana ta uku akwai magana. Ɗan ruwa garai-garai mai kama da ruwan shayi marar madara ba abin tsoro ba ne a kwanakin farko, kuma ina jin shi ne Baban Usman yake nufi da ciwo yana ruwa. Mugunya mai kauri da wari ita ce alamar cuta. Idan aka sami kaluluwa a matse-matsi ko hammata, ko wani layi mai zafi yana hawa daga ciwon zuwa sama, ko zazzaɓi, to ba a kwana, kuma kada a tsaya ana cewa zazzaɓin cizon sauro ne. Wata dabara da muke yi ita ce zagaye iyakar kumburin da biro; idan gobe ya tsallake layin, cutar tana yaɗuwa.

Auwal_Mai_Keke:
Na ji bayanin man birki, zan kuma faɗa wa abokan aiki. Amma akwai wani abokina da ya gurzu a kwalta a hanyar Bauchi, ciwon ya warke amma wurin ya zama baƙi ƙirin da ɗigo-ɗigo har yau. Shi ma rashin magani ne?

Likita_Danjuma:
Rashin wankewa ne, Malam Auwal. Idan burbushin kwalta ya zauna a cikin ciwo fata ta rufe a kansa, ya zauna ke nan. Gurzuwar kwalta mai faɗi tana buƙatar a kashe zafin wurin a asibiti a goge ta sosai, abin da mutum ba zai iya jurewa a gida ba. Duhun tabo na yau da kullum kuwa yakan dusashe a hankali cikin watanni, kuma ɓantare ɓawo da farce yana ƙara shi.

Baban_Usman_Gangare:
Na saurari Sista da Likita, kuma na karɓi maganar wankewa da ta allura. Amma a kan rufewa har yanzu ina da ja. Ku a asibiti kuna sauya bandeji kullum. A unguwa kuwa, filastar da Malama ta manna ranar Litinin ita ce za ki gani ranar Alhamis, ta yi baƙi, ta jiƙe da ruwan wanka, domin ba kowane gida ne zai sayi sabuwa kullum ba. Tsakanin wannan da ciwon da aka wanke aka bari a buɗe, wanne ya fi?

Sista_Ladi:
Baba, a nan kana da gaskiya. Bandeji mai datti da ya kwana uku ya fi rashinsa illa. Ƙaramar ƙujewa ta sama-sama, a wurin da tufafi ba sa gogawa, ana iya wanke ta safe da yamma a shafa basilin a bar ta. Amma gwiwar yaron da zai koma filin tsakuwa, musamman a lokacin hunturu da ƙura take tashi fata kuma take tsagewa, ni dai zan rufe ta, ko da da tsohon ƙyalle ne da aka wanke aka shanya a rana aka goge da dutsen guga.

Hajiya_Mairo_Dilimi:
Idan aka rufe, yaya za a yi da alwala? Jikana ya fara salla, kuma ciwon a gwiwar hannu yake.

Ustaz_Kabiru:
Hajiya, shari'a ta sauƙaƙa. Ya wanke inda yake lafiya, ya shafa jiƙaƙƙen hannu a kan bandejin sau ɗaya, alwalarsa ta yi.

Hassan_Famasi_Bukuru:
Ina ganin Baban Usman ya taɓo ainihin matsalar makaranta. Malama tana ganin yaro sau ɗaya, sauran kulawar a gida take. Da za a riƙa haɗa yaro da 'yar takarda da Hausa, a rubuta lokacin da aka wanke ciwon, da cewa a cire filastar gobe da safe, da alamun da Sista ta lissafa, da an rage rabin gardamar.

Maman_Grace_Tudun_Wada:
Takarda tana da kyau, amma ba duk iyaye ne ke karatu ba, kuma yara suna zubar da ita a hanya. Ni na fi son a kira ni a waya ko da ciwon ƙarami ne. Sannan a tambayi iyaye tun farkon zango ko ɗansu yana da abin da jikinsa ba ya so, domin 'yata filasta tana sa mata ƙuraje a duk inda gam ɗin ya taɓa, sai dai a naɗa mata bandeji.